"STEP DOWN" DA "STEP ASIDE": SAUKA CE KO JA GEFE?

Akwai kalmomin Turanci guda biyu waɗanda da wuya a yi mako guda ba su fito a shafin farko na jaridun ƙasar nan ba, ko kuwa cikin labarun rediyo da talabijin. Kalmomin su ne "step down" da "step aside". In rigima ta tashi cikin jam'iyya, sai ka ji wani ɓangare yana neman shugabanta ya yi ɗaya daga cikin biyun. In an zargi wani babban ma'aikaci da taɓa dukiyar jama'a, nan ma sai su ɓullo. Masu juya labarai zuwa Hausa kuwa, wannan ya ce "ya sauka", wancan ya ce "ya yi murabus", wani ya ce "ya janye", wani kuma ya ce "an dakatar da shi", alhali duk daga takarda ɗaya suka ɗauko maganar. Mai sauraro a Gusau, ko Yola, ko unguwar Sabo ta Badun, sai a bar shi cikin duhu, bai sani ba ko mutumin nan ya tafi ke nan, ko kuwa yana nan dawowa.

Bari mu fara daga tushe. Kalmar "step" ita ce takawa, watau ɗaga ƙafa sau ɗaya a ajiye ta wani wuri. Turawan Ingila suna da al'adar ɗaukar ƙaramar kalmar aikatau irin wannan su liƙa mata wata 'yar kalma mai nuna wuri ko fuska, sai ma'ana ta juya gaba ɗaya. Malaman nahawunsu suna kiran irin wannan haɗi "phrasal verb", kuma shi ne abin da ya fi wahalar da 'yan makaranta a jarrabawar Ingilishi, domin sanin kalmomin biyu a rarrabe ba ya kai mutum ga sanin ma'anarsu in sun haɗu. Amma fa bai kamata Bahaushe ya yi mamakin wannan ba, gama shi ma haka yake yi wa baƙo. Ka duba kalmar "ja": ja baya daban, ja kunne daban, ja daga daban, ja gora daban. Baturen da ya koyi "ja" da "kunne" a littafi, ranar da aka ce masa an ja wa yaro kunne sai ya zaci an kama kunnen yaron an fizga, alhali gargaɗi kurum aka yi masa.

To haka "step" take da 'ya'ya da yawa. "Step in" shiga tsakani ne, kamar yadda dattawa kan shiga rigimar ma'aurata. "Step up" ƙara ƙaimi ne. "Step out" fita ce ta ɗan lokaci, irin wadda masinja kan gaya maka maigidansa ya yi in ba ya son ka gan shi. Waɗannan ba su cika rikitar da kowa ba. Biyun da muka ambata tun farko su ne masu ƙura.

Asalin "step down" saukowa ce daga wuri mai tudu, kamar dandamali ko matakalar bene. A kotunan Amurka, in mai ba da shaida ya gama, da wannan kalma alƙali kan sallame shi, domin akwatin da yake ciki ya ɗan ɗara ƙasa tsawo. Daga nan aka ari kalmar aka kai ta ga muƙami, tun da ana ɗaukar mai mulki a sama yake. A nan Turanci da Hausa sun yi canjaras, gama mu ma cewa muke yi an hau karaga, an sauka daga karaga. "Step aside" kuwa hotonta daban ne. Mutum ne tsaye a bakin ƙofa, wani yana son wucewa, sai ya matsa gefe ya ba shi hanya. Bai sauka ko'ina ba, bai kuma fita daga ɗakin ba. In mai wucewa ya wuce, ba abin da zai hana shi komawa inda yake.

Duk da wannan bambancin hoto, ƙamusoshin Ingilishi na 'yan makaranta sukan haɗa kalmomin biyu wuri guda, su ba su ma'ana ɗaya, watau barin babban muƙami don wani ya hau. Kuma gaskiyarsu, domin haka ake amfani da su a Ingila da Amurka. In jaridar Landan ta ce shugaban wani kamfani ya yi "step aside", mai karatu a can ya san mutumin ya bar aiki, sai dai kalmar ta fi karkata ga cewa ya ba wani wuri ne, kuma ta fi taushi a kunne. In ana nufin na ɗan lokaci ne, sukan ƙara kalmar da za ta nuna haka a fili. A Nijeriya kuwa tarihi ya shiga tsakanin kalmomin nan biyu ya raba su, har ana iya faɗin shekara da ranar da abin ya faru.

RAN 17 GA AGUSTA, 1993

Ran 12 ga watan Yuni na 1993 aka yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Cif Moshood Abiola na jam'iyyar SDP da Alhaji Bashir Tofa na NRC. Ran 23 ga watan, gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen tun ba a gama bayyana sakamakonsa ba. Ƙasa ta yamutse. Aka yi tarzoma a Ikko da sauran garuruwan Yamma, aka yi asarar rayuka, mutane da yawa suka kwashi iyali da kaya suka nufi jihohinsu na asali don tsoron abin da ka iya biyowa. Ga shi kuma gwamnati ta riga ta yi alkawarin miƙa mulki ran 27 ga Agusta, ranar da Janar ɗin zai cika shekara takwas da hawa. Tambayar da ke bakin kowa ita ce, zai tafi ko ba zai tafi ba?

Ran 17 ga Agusta ya tsaya gaban taron haɗin gwiwa na Majalisar Dattijai da ta Wakilai a Abuja, ya ce ya yi tayin zai yi "step aside" daga muƙamin Shugaban Ƙasa da Babban Kwamandan Askarawa, a matsayin sadaukarwa daga gare shi. Bai ce "resign" ba, wadda ita ce kalmar ajiye aiki a hukumance. Bai ce "retire" ba, wadda ita ce ritaya. Bai ma ce "step down" ba. Da wani ne ya faɗi haka, watakila da ba wanda zai tsaya tona kalmar. Amma wannan mutum ne da 'yan jarida suka riga suka laƙaba wa sunan Maradona saboda gwanintarsa ta yanke abokan karawa a filin siyasa, wanda kuma ya sha ɗaga ranar miƙa mulki, daga 1990 zuwa 1992, daga nan zuwa 1993. Sai masu sharhi suka yi caa a kan kalmar, suna cewa wanda ya ja gefe ai idonsa yana kan kujera.

Ran 26 ga Agusta ya miƙa ragama ga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan, ya koma Minna. Janar Sani Abacha kuwa aka bar shi cikin gwamnatin yana riƙe da sha'anin tsaro. Ran 10 ga Nuwamba wata babbar kotu a Ikko ta ce gwamnatin riƙon ba ta bisa doka, ran 17 ga watan kuma Abacha ya karɓe mulki, Shonekan bai cika ko wata uku ba. Wanda ya ja gefe ya ba da hanya, amma wanda ya bi ta hanyar ya zauna daram har rasuwarsa a 1998.

Abin da ya biyo baya ya ƙara ƙarfafa masu waccan fassara. A 2006 Janar Babangida ya karɓi takardar neman tsayawa takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar PDP, sa'an nan ya janye kafin zaɓen fid da gwani. A 2010 ya sāke fitowa, har kwamitin dattawan Arewa na Malam Adamu Ciroma ya zaɓi Alhaji Atiku Abubakar a kansa a watan Nuwamba na shekarar. Duk lokacin da ya motsa, sai jaridu su tono tsohuwar kalmar, su ce ga wanda ya ja gefe nan zai dawo tsakiya. A watan Fabrairu na 2025, wajen ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarsa a Abuja, ya amsa cewa Abiola ne ya ci zaɓen 1993. Ko mene ne ke zuciyarsa ran da ya zaɓi kalmar, Allah ne masani, sai kuwa shi. Abin da ke fili shi ne tun daga ranar "step aside" ta sami ma'ana ta biyu a kunnen ɗan Nijeriya, watau tafiyar da ba a yi sallama ba.

A ganina wannan ma'ana ta biyu ba kuskuren Turanci ba ce, kamar yadda wasu malamai kan ce. Tana nan kwance cikin kalmar tun asali, mu dai mun tashe ta ne. Ga shaida daga Afirka ta Kudu. A babban taronta na watan Disamba na 2017, jam'iyyar ANC ta zartar cewa duk ɗanta da ake tuhuma da cin hanci ko wani babban laifi ya ja gefe daga muƙaminsa har a gama shari'a, kuma da wannan kalma ta "step aside" aka san dokar a can. Babban sakataren jam'iyyar, Ace Magashule, da aka gurfanar da shi a 2020 kan wata kwangila a lardin Free State, ya ƙi bin dokar, sai jam'iyya ta dakatar da shi a watan Mayu na 2021, ta kuma kore shi a 2023. Ka ga a nan matakai uku ne a jere, kowanne da sunansa: ja gefe da kanka, a dakatar da kai, a kore ka.

A nan gida ma hukuma ta ari kalmar da wannan ma'ana. Ran 6 ga Mayu na 2021 fadar Shugaban Ƙasa ta ba da sanarwar kafa kwamitin bincike kan Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, ta ce shugabar hukumar, Hajiya Hadiza Bala Usman, ta yi "step aside" har a gama bincike, Malam Mohammed Bello Koko ya riƙe. Jaridu da yawa suka buga cewa an dakatar da ita. Ba ta koma kujerar ba, domin a watan Fabrairu na 2022 aka tabbatar wa mai riƙon muƙamin. Ba shari'ar wannan al'amari ta kawo mu ba. Abin lura kurum shi ne yadda kalmar ta canja hannu: a Turancin Ingila mutum ne kan ja gefe da ƙafarsa, a nan kuwa umurni aka ba shi daga sama. In an ce maka ka ja gefe, kuma ba ka da ikon cewa a'a, to dakatarwa ce aka naɗe cikin alharini.

ABIN DA DOKA TA SANI

Wani abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, Tsarin Mulkin 1999 bai san ko ɗaya cikin kalmomin nan biyu ba. Abin da ya sani shi ne ajiye aiki a rubuce. Sashe na 306 ya ce Shugaban Ƙasa zai aika da takardarsa ga Shugaban Majalisar Dattijai, Mataimakinsa ya aika wa Shugaban Ƙasa, Gwamna ya aika wa Kakakin Majalisar Dokokin jiharsa, Mataimakin Gwamna kuma ya aika wa Gwamna. In kuwa tafiya ce ta ɗan lokaci, don hutu ko jinya, sashe na 145 ya ce a rubuta wa shugabannin majalisun biyu, Mataimaki ya riƙe. Kowa ya tuna abin da rashin wannan takarda ya jawo sa'ad da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya ran 23 ga Nuwamba na 2009, aka yi fiye da wata biyu ana ja-in-ja, sai ran 9 ga Fabrairu na 2010 Majalisa ta ɗora Dokta Goodluck Jonathan a kan riƙo. Saboda haka duk wanda ke riƙe da muƙami, ko da na sakataren ƙungiyar manoma ne ko ma'ajin ƙungiyar direbobi, in aka miƙo masa takarda mai cewa ya yi "step aside", to kafin ya sa hannu ya nemi a rubuta masa har yaushe, wa zai riƙe, kuma yaya batun albashinsa da makullan ofis. In shi ne ke son tafiya, ya rubuta "resign", ya sa kwanan wata. Waɗancan biyun kalmomin jarida ne da na dandalin siyasa.

Sai kuma 'yan ƙananan kalmomin da ke bin "step down", domin su ne kan nuna inda magana ta dosa. In aka ce "step down as chairman", an ambaci sunan muƙamin da mutum ya bari. In aka ce "step down from the board", an ambaci wurin da ya bari. Amma in ka ji "step down for", wannan wata magana ce dabam, kuma ita ce ta fi yawo a lokacin zaɓe. Ran 28 ga Mayu na 2022, a taron fid da gwani na PDP a filin wasa na Abuja, wanda ke ɗauke da sunan Moshood Abiola tun 2019, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya hau dandamali ya ce magoya bayansa su zaɓi Alhaji Atiku Abubakar. Atiku ya sami ƙuri'a 371, Gwamna Nyesom Wike ya sami 237. Kwanaki kaɗan bayan haka, a taron APC, 'yan takara bakwai suka yi wa Asiwaju Bola Tinubu irin wannan. Jaridun Turanci duk suka ce sun yi "step down". To Tambuwal bai sauka daga komai ba, gwamnan Sakkwato yake kafin ya hau dandamalin, gwamnan Sakkwato yake bayan ya sauko. Hausar wannan ita ce "ya janye wa wane". Mai fassarar da ya ce "ya sauka" ya tuɓe gwamna da bakinsa.

Akwai kuma wani amfani da ya zama ruwan dare a majalisunmu, inda za ka ji an ce an yi "step down" na wani ƙuduri ko shirin doka, ana nufin an jingine shi sai wani zama. Baturen Ingila ba ya cewa haka, domin a wurinsa mutum ne kan sauka, ba a saukar da takarda. Ɗalibi mai shirin jarrabawa ya kiyaye wannan, ya rubuta "defer" ko "postpone". Inda Bature ya yarda a saukar da wani abu da wannan kalma shi ne wajen wutar lantarki. Taransifoma mai rage ƙarfin wuta sunanta ke nan, ita ce ke karɓar wuta mai ƙarfin bolt 330,000 ko 132,000 daga manyan layuka ta rage ta zuwa 33,000, wata ta mai da ita 11,000, ta cikin unguwa kuma ta sauko da ita yadda za ta shiga gida ba ta ƙone rediyo ba. Samarin birni ma sun ari kalmar, in sun ci tuwo sun ƙoshi sai su nemi lemo mai sanyi su ce za su yi "step down". Wannan kam ko a ƙamus ba a nemansa. Wajen rubutu kuma a tuna ana ninka harafin ƙarshe, a rubuta "stepped" da "stepping", sa'an nan ƙarshen ta farkon da sautin "t" ake furta shi.

In muka juyo gida za mu tarar Hausa ba ta rasa kalmomi ba, har ma ta fi Turancin jarida rarrabewa. Muna da sauka, da ajiye aiki, da ritaya, da janyewa, da dakatarwa, da sallama, da kora, da tuɓewa, da tsigewa. Tsigewa ita ce abin da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta yi wa Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a watan Yuni na 1981. Ajiye aiki shi ne abin da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya yi a Kano a 1983, sa'ad da ya bar kujerar gwamna ya koma jam'iyyar NPP don ya sāke tsayawa, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya hau. Sai kuma murabus, wadda ita ce 'yar'uwar "step aside" ta wajen ladabi. Asalinta ta sarauta ce, kuma sau da yawa mayafi ce da akan rufa wa babban mutum don kada a ce an tuɓe shi. A 1963 aka ce Sarkin Kano Alhaji Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare, alhali kowa ya san bayan binciken kuɗin En'e ne da matsin gwamnatin Jihar Arewa. Shi ya sa Bahaushe kan ce wani ya yi murabus, wani kuwa an yi masa murabus, ko an sa shi ya yi. Yanzu gidajen rediyo sun shimfiɗa kalmar ta rufe kowa, daga minista har kociyan ƙwallo, kuma ba laifi, illa dai in ana maganar wanda zai iya dawowa bayan bincike, murabus ta yi masa nauyi. "Ya ja gefe" ko "an ce ya ba da wuri har a gama bincike" sun fi dacewa.

Turawa ma ba su daina wasa da waɗannan 'yan kalmomi ba. A watan Janairu na 2020 Yarima Harry na Ingila da matarsa Meghan suka ce za su yi "step back" daga manyan ayyukan gidan sarauta, watau su ja da baya, kalmar da ta bar ƙofa a buɗe, sai fadar ta rufe ƙofar da kanta bayan shekara guda, ta ce ba za su koma bakin aikin ba. Ran 21 ga Yuli na 2024 kuma Shugaba Joe Biden na Amurka ya rubuta wa jama'arsa cewa zai yi "stand down", wata 'yar'uwar kalmomin namu wadda ta fi yawa a bakin soja da 'yan takara. Takara ya janye daga gare ta, ya mara wa mataimakiyarsa Kamala Harris baya, amma ya ci gaba da zama shugaban ƙasa har ran 20 ga Janairu na 2025, wata shida cur bayan wasiƙar.